Kada Ki Sayi Shunayya Bayan La'asar

Assalamu alaikum, Kulu ɗiyata.

Bayan gaisuwa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki zaune lafiya cikin mota, kin sami kujerar gefen taga, direban kuma mai tsoron Allah ne, ba mai tsoron a riga shi lodi ba. Allah Ya kai ki Kano lafiya, Ya sauke ki gidan Kawunki Sale lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutanen hanya.

Na san za ki yi dariya. Shago ɗaya muke wuni, tabarma ɗaya muke cin tuwo, sai kuma ga wasiƙa a ƙasan jaka tsakanin kilishi da yaji. To ai kin san ni. In na ce da baki zan faɗa, zan fara daga atamfa in ƙare a kan akuyar maƙwabta. Kuma murna ta hana ni zama. Tun da aka tsayar da magana cewa za ki koma Kano ki zama mai yi wa shagonmu sari, duk wadda ta leƙo Ƙofar Dundaye sai ta ji, ko da allura ta zo saye. Babanki ya ce in na ci gaba a haka sai an nemo mini lasifika. A nemo! Ɗiyata ce za ta shiga kasuwar da na yi rabin rayuwata ina shiga, don me zan yi shiru?

Ki duba bakin ɗankwalinki sabo, za ki ga na ƙulle ƙyalle a ciki. Ki riƙe shi kamar yadda kike riƙe wayarki. Shi ne samfurin ankon bikin autar Hajiya Tumba ta Arkilla. Kin san dangin amarya sun karɓi nasu har wasu sun ɗinka, yanzu dangin ango ne suka ce su ma suna so, abin da ke shago kuma ya ƙare. Aikinki na farko ke nan: ki samo wannan shunayya, ita kanta, ba ƙanwarta ba, ba 'yar gwaggonta ba. In kin dace, matan Arkilla sun dawo mana ke nan. In aka kuskure a karo na biyu, to ni da ke sai mu koma sayar da kuka da daddawa, don babu mai sake ba mu anko a garin nan.

Na ce karo na biyu. Lokacin da na farkon ya faru kina makaranta, rabin labari kika ji, shi ma daga bakin waɗanda ba su so na. Zan ba ki shi cikakke. Amma bari in fara daga nesa, don kuskure ma yana da kakanni.

Wadda ta koya mini wannan sana'a Gwaggo Ige ce, yayar mahaifina, a wani ɗan shago mai duhu a Unguwar Rogo. Ina budurwa lokacin, idona kamar na shaho, bakina kuma ya fi idon kaifi. Wata rana dab da magariba wata mata ta zo neman baƙin yadi. Gwaggo ta jawo wani ta shimfiɗa, ta ce, "Ga shi, baƙi na wuluk, awa daren damina."

Ni kuwa daga inda nake zaune ina gani shuɗi ne mai duhu. Sai na bushe da dariya, na ce, "Haba Gwaggo, wanga ai shuɗi na! Ko makaho ya gani."

Matar ta dubi Gwaggo, ta dube ni, ta gyara gyale ta fita. Ba ta sayi baƙin ba, ba ta sayi shuɗin ba, ba ta kuma sake dawowa ba. Gwaggo ta naɗe yadinta a hankali, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yi dariyarki, ɗiya. Ido aro na, mai abu shina tahe."

Na ɗauka zafin kunya ne ya sa ta magana. Ashe labarina take ba ni tun kafin ya faru.

Don haka, Kulu, a Kano za ki tarar da dattawa masu manyan shaguna, waɗanda suka fara sayar da atamfa tun kafin a haifi babanki. Wata rana ɗaya zai ɗaga kore ya kira shi shuɗi, ya rantse. Ba lallai ne ƙarya yake yi ba, abin da idonsa ya ba shi ke nan. Kada ki gyara masa a gaban mutane. Ki ce, "Baba, mu ɗan leƙa bakin ƙofa, ni ce ba na gani da kyau." Ki bar rana ta yi masa gardama. Rana ba ta da kunya, kuma ba a yin fushi da ita.

Sai abu na biyu, wanda na daɗe ina yi ban san dalilinsa ba. Shagunan sari a can zurfi gare su, dila kan dila har rufi, taga babu. In kika fito daga ƙwallelliyar rana kika faɗa ciki, komai sai ya zama ruwan toka. Da ina yarinya, kafin in gama sallama idona ya buɗe. Da shekaru suka fara taruwa, sai na ga sallama ba ta isa. Sai na ƙara da ina kwana, ina gajiya, ina iyali. Bayan wasu shekaru har da ya mai jiki, ya aka ji da zafi, ina labarin wanda ya tafi Umara. Ina gaisuwa ina kifta ido, ina jiran ja ya rabu da ruwan ƙasa. Har wani Alhaji ya taɓa cewa, "Kai, Hajiyar Sakkwato ta iya zumunci, duk kasuwar nan babu mai gaisuwarta." Na ce masa tarbiyya ce. Ina tarbiyya! Jiran idona nake yi.

Ke ma ki yi haka, ko da yake naki idon bai buƙatar gaisuwa mai tsawo kamar tawa. Kada ki taɓa kaya da shigarki. Zauna, a kawo miki ruwa, ki sha. Za su ji kin ce "mi" maimakon "me" su yi murmushi, su ce baƙuwa ta zo daga Sakkwato. Bar su su yi murmushin. Mai raina ki shi ke fito miki da kaya masu kyau don ya burge ki.

Kuma ki ɗaga kai ki dubi ƙwan lantarkin shagon kafin ki dubi atamfa. Akwai mai haske ruwan ɗorawa, shi ke mai da fari ya zama ruwan madara, ya sa ja ya yi ta ƙyalli kamar amarya. Akwai farin nan mai sanyi, shi kuma yana kashe ja ya tayar da shuɗi. Ki tambayi Kawunki Sale, shi da ya tsufa a kan teburin nama, me ya sa wasu mahauta ba su son farin ƙwan lantarki a kan tebur da yamma. Zai yi dariya ya canza magana. Kowace sana'a tana da ƙwan lantarkinta, tamu ma haka. La'asar sakaliya ƙawar mai sayarwa ce, ba ƙawar mai saye ba. Yanzu ke mai saye ce.

To, ga babban labarin.

Bikin babbar ɗiyar Hajiya Tumba ne, ita ma shunayya aka fitar, don Hajiya Tumba in ba shunayya ba ba ta ganin an yi biki. Kamar yanzu, kaya suka ƙare, dangin ango ba su samu ba. Na ɗauki ƙyalle na shiga mota. Motar ta lalace a hanya, ban shiga kasuwa ba sai da rana ta yi ja. Ga shi an ɗauke wuta, janareto kuma ya ƙi tashi. Mai hankali sai ta kwana, ta dawo da hantsi. Ni kuwa ina ji da kaina. Ni ce fa wadda ake kira daga wani layi a ce zo ki raba gardamar launi.

Mai shagon wani dattijo ne sa'ana, mutumin kirki, mun daɗe muna hulɗa. Ya kunna 'yar fitila, ya jawo turmi, zane iri ɗaya sak, ganye da zobe. Na ɗora ƙyallena a kai. Na duba, ya duba.

Ya ce, "Hajiya, ai kamar an tsaga kara."

Na ce, "Wallahi shi na, Alhaji. A ɗaure."

Kin ji shaidu biyu. Babu maƙaryaci a cikinmu, babu mai niyyar cuta. Tsofaffi biyu ne cikin duhu, kowa yana ƙarfafa wa ɗan'uwansa gwiwa. Aka ɗaure, aka sa a leda, na dawo. Don sauri ban ko kwance ba, na aika da su gidan dangin ango. Kowace ta kai wa telanta. Su a wata unguwa, dangin amarya a wata unguwa, babu wanda ya haɗa biyun wuri ɗaya sai ranar wuni.

Kulu, na shiga gidan bikin nan da azahar, ina taku ɗai-ɗai, ina jiran yabo. Sai na ga tsakar gida ta rabu biyu kamar an ja layi. Dama shunayya, tana sheƙi. Hagu ruwan hanta. Zane ɗaya, ganye da zobe, amma ruwan hanta ƙarara, ko jariri ya gani. Ashe kamfanin ya buga zanen launi biyu.

Da a nan abin ya tsaya, da dariya za a yi. Amma kin san mata a gidan biki. Kafin a raba shinkafa, magana ta zaga cewa dangin ango da gangan suka ƙi ankon amarya, wai don su nuna su ba a haɗa su da kowa. Wata gwaggon amarya ta ce, "Tun ba a kai ta ba sun fara ware mu?" Wata daga can ta amsa, "Abin da kunka aiko muna shi munka ɗinka, ko so kuke mu rina?" Mai kiɗa ya yi ta ƙara sauti, a banza.

Hajiya Tumba ta jawo ni bayan ɗaki. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga da ya fi sauƙi. Ta ce, "Asabe, amana na ba ki, kin raba mini gida biyu ranar da nike son haɗa shi." Sai da na tsaya a tsakiyar mata na ce laifina ne, ni na sayo, kafin ƙura ta lafa. Daga ranar ƙafar matan Arkilla ta ɗauke daga shagonmu.

Darasin nan ki rubuta shi a tafin hannu. Shaidar tsofaffi biyu cikin duhu shaida ɗaya ce, ita ma mai rauni. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne, a kan aure da halin mutane da wanda zai ci amana. Amma a kan shunayya bayan la'asar, abin da yaro ya gani a tsaye, babba ko ya sa tabarau biyu ba zai gani ba. In rana ta karkata, ki naɗe ƙyallenki ki koma gida. Kano ba za ta gudu kafin safe ba.

Kuskuren da ya biyo baya ya fi ba ni haushi, don shi na wauta ne. Na ɗora wa kowa laifi ban da idona. Na ce fitilar Alhaji ce. Na ce kamfani ne. Har na fara tunanin ko wata ce a layinmu ta yi mini baki. Na sayi tabarau a bakin titi, irin wanda ake gwadawa da karanta kwalin ashana. Rubutu ya fito, launi bai fito ba. Kuma na shekara da shekaru ina gaya wa masu saye cewa yanzu ba a yin shuɗi irin na da, duk ya mutu, ya zama kamar an wanke shi da toka. Da bakina na faɗa, da yaƙini, har wasu suna tafiya suna maimaitawa.

Sai ranar da na ba babanki hula zai tafi ɗaurin aure da asuba, na ce ga baƙar. Ya dawo da hantsi da koriyar hula a kan shuɗiyar riga kamar aku. Ya ce abokansa sun tambaye shi ko sabon yayi ne. Na ce kai ba ka duba ba? Ya ce, "Na duba, ni ma baƙa na gani." Ranar ce na ce to, a kai ni asibitin ido.

Likitar yarinya ce, ba ta girme ki da yawa ba, mai haƙuri. Ta leƙa idona da fitilarta, ta yi mini bayani, ni kuma na juya shi zuwa harshen kasuwa don ya zauna. Ta ce a cikin ido akwai wani abu garai-garai kamar gilashi, ta cikinsa haske ke wucewa. Da shekaru sai ya riƙa rinewa yana komawa ruwan ɗorawa, kamar farin yadin da ya daɗe a kan kanta. Shi kuma wannan rinin, shuɗi yake fara shanyewa. To mece ce shunayya in ba ja da shuɗi ba? A cire mata shuɗi, me ya rage? Ruwan hanta! Kulu, da ta faɗi haka sai da na buga cinya na ce, "Bikin Hajiya Tumba!" Ta ce wace ce? Na ce ci gaba, likita, labari ne mai tsawo.

Ta ce kuma ƙofar da haske ke shiga ido tana ƙanƙancewa in an manyanta, ba ta buɗewa sosai cikin duhu, ba ta kuma buɗewa da sauri. Kin ji asirin doguwar gaisuwata. Da rana haske ya yi yawa, ko ta ƙaramar ƙofa ya ishe ka, shi ya sa ba ka lura. Sai almuru, ko cikin shago, sannan shuɗi mai duhu ya zama baƙi, kore da shuɗi su zama 'yan uwa ɗaya. Ta ce kowa yana samun rabonsa in ya yi tsawon rai, sai dai wani ya fi wani. Nawa ya kai har yanar ido ta fara rufe na hagu, kuma ana cirewa, ni ma za a yi mini aikin.

Ga abin da ya hana ni barci don daɗi. Ta ce da yawa daga waɗanda aka yi wa aikin, in an buɗe musu ido, abin da suke fara mamaki shi ne shuɗi. Wai sai su ga sama kamar an sake mata fenti. Ashe shuɗin da nake cewa an daina yi yana nan, bai je ko'ina ba! Yana kan kantata, ina kakkaɓe masa ƙura kullum ina zaginsa. Na fito daga asibitin ina dariya ni kaɗai, har mai keke ya waiwayo ya ce, "Hajiya lafiya?" Na ce lafiya lau, ja mu je, an gano ɓarawon. Da na sani tun da wuri da ban ɓata shekaru ina zargin mutane ba. Ke dai in jikinki ya canza miki magana, ki je a duba, kada ki tsaya neman wanda ya yi miki baki.

Yanzu bari in gaya miki abin da ya sa ke ce a cikin motar nan ba ni ba. Kin tuna yammar da Hajiya Tumba ta shigo shagonmu bayan ta daɗe da ƙaurace mana, wai wucewa take yi? Ta ɗaga wani leshi ta ce baƙin nan ya yi kyau. Ni ma a raina na ce ya yi. Ke kuwa sai kika miƙa hannu. Kika karɓa kika ce, "Hajiya, bari in kakkaɓe miki shi a waje, ya yi ƙura." Ta biyo ki bakin ƙofa. Sauran hasken rana ya faɗa a kai, sai ga kore shar.  Ta juyo ta dube ni, na dube ta. Sai ta fashe da dariya ta ce, "Asabe, ashe tare munka tsufa."

Abin da na yi wa Gwaggo Ige da dariya, ke kin yi shi da ladabi, ba tare da kowa ya koya miki ba. Washegari ta aiko a kira ni. Ta ce, "Ankon auta ke za ki yi. Amma da sharaɗi: bakinki za a sa a ciniki, idon ɗiyarki za a sa a kaya." Na ce na yarda. Bakin ma ga shi na haɗa miki a takarda.

Ƙyallen nan da tsakar rana aka yanke shi, daga ragowar ɗinkin Hajiya Tumba kanta, a tsakar gidanta. Ki shiga kasuwa da hantsi. In kin ga mai kama da shi, ki fito da turmin waje, ki tsaya a inuwa mai haske, ki ɗora ƙyallen a kai. Ki juya shi, ki sake dubawa. Ki tambaya ko zanen yana da wani launi, a fito miki da duka ki jera su. In mai shago ya ce sauri yake yi, ki ce Allah Ya ba da sa'a, ki yi gaba. Zai kira ki kafin ki kai kwana.

Akwai gyale a jakarki, tsarabata ce. Jiya da magariba na zaɓa miki, baƙi ne mai kyau. Babanki ma ya duba ya ce baƙi ne. Saboda haka ki duba shi a rana kafin ki yafa.

Kuma in kin gama da anko, ki zaɓo mini turmi ɗaya shuɗi, wanda ya fi kowane kyau a idonki. Kada ki gaya mini irinsa. Zan ajiye shi a ɗaure har ranar da za a cire mini bandeji, in kwance shi a bakin ƙofa, in ga abin da kuke gani kuka ƙyale ni ina surutu.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyi a bakina. In kin tsaya da turmin a hannu, zuciyarki za ta ce ki ɗauki hoto ki turo wa Inna. Kada ki turo. Waya ma tana da nata ƙwan lantarkin, ni kuma in na gani sai na yi magana, in na yi magana sai na rantse, ke kuma za ki ji kunyar musa mini. Haka za mu sake raba gidan Hajiya Tumba biyu. Ki kira ni ki ce kin sauka lafiya, ki kira ni ki ce kin ci abinci, ki kira ni in an yi miki tsada in koya miki abin da za ki ce. Amma a kan launi, kada ki tambaye ni. Tun da na fara sana'ar nan ban taɓa bari wani ya faɗi kalmar ƙarshe a madadina ba, ko babanki. Yau na ba ki ita. In idonki ya gamsu, ki ɗaga kai ki dubi mai shago, ki ce da muryarki, "A ɗaure."

Allah Ya yi miki albarka, Ya haskaka idonki da zuciyarki, Ya haɗa ki da masu amana, Ya raba ki da gaggawar yamma. Ya tsare ki a fita da shiga, Ya ja kwananki har ki kai shekarun da ke ma za ki riƙa doguwar gaisuwa a bakin shago, da ɗiya a gefenki mai fitar miki da kaya rana. Ki gaishe da Kawunki da iyalinsa. Babanki yana sa albarka.

Wassalam. Ni ce Innarki,
Asabe.